Dariyar da kuka yi wa yaron nan a Agege

Tun ranar Lahadi nake danne zuciyata, na ce bari in yi shiru kar a ce na raina manya. Yau kwana uku abin ya ƙi sauka, gara in amayar in huta.

Waɗanda suka je taron sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba an tura musu bidiyon, har wani ya ɗora masa kiɗa. Yaro ya gama karatun injiniya, ya miƙe gaban iyayensa da kwamfutar aro da ɗan samfur na roba a tafin hannu. Abin da ya roƙa kawai a taimaka a tura zanensa na fuskar sandar golf waje a buga masa guda biyu ko uku a firintar ƙarfe da ƙarfen titaniyom ya gwada. Sai Alhaji ya gyara babbar riga ya karɓi makirfo: "Ɗana, mu da muke neman fartanya, kai sandar golf ka kawo mana?" Zaure ya ɗauki shewa. Akwai wani a bayana har da buga cinya, mutumin da na san ko fis ɗin soket bai iya canzawa ba.

Madalla, ranka ya daɗe. An yi magana mai hikima, an tafa. Ina jiran fartanyar.

Ƙarfe yaron nan yake koya. Shi ne abin da kuka kasa gani, kuma shi zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ni.

Ni mai walda ne, da iskar agon nake aiki, wadda ke kare walda daga iskar waje, kuma kafin in riƙe tocila jakar golf na ɗauka. Lokacin da na sauka Legas ba ni da kowa, wani ɗan garinmu ya kai ni fili, na yi shekara biyu ina bin masu kuɗi a baya da jaka a kafaɗa ina nemo musu ƙwallo a cikin ciyawa. Saboda haka na san sandar, na kuma san ƙarfen. Bayan na buɗe shago, wani tsohon ogana ya kawo mini babbar sandarsa, wadda suke kira direba, fuskarta, wato wurin da ke bugun ƙwallo, ta tsage. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai ka karkata ta a rana kake ganinta. Ya ce in ɗan ɗiga mata walda. Na ce ai wannan aikin minti goma ne. Da na taɓa ta da giranda sai tartsatsi ya tashi fari fat, mai kashe ido, ba irin ja-ja ɗin ƙarfen rodi ba. Na yi waldata, wurin ya fito shuɗi da ruwan hoda gwanin kyau, ina ta murna. Ashe wannan kyan shi ne shaidar na ɓata aiki. Titaniyom idan ya yi zafi ya shaƙi iskar waje, launi yake canzawa ya yi gautsi, walda mai kyau a kansa fara take fitowa kamar azurfa. Oga ya buga ƙwallo bai fi goma ba, fuskar ta sake buɗewa a gefen waldata. Ya dawo ya ajiye mini ita a kan benci, bai ce uffan ba. Har yau tana rataye a shagona, kuma duk yaron da ya fara jin ya iya sai in nuna masa ita.

Wannan 'yar fuskar da kuka yi wa dariya, kaurinta a direba bai wuce milimita uku ba a yawancin wurare. Ƙwallon gram 45.93 ce iyakar nauyinta a doka. Ƙwararren ɗan wasa yana kawo kan sandar da gudun kusan kilomita 180 a awa, ƙwallon ta tashi da kusan 270. Haɗuwarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu biyu na daƙiƙa ba, amma a wannan ɗan ƙiftawar ƙarfin da ke sauka a fuskar ya kusa nauyin tan guda. Dole ta lotsa ta dawo kamar gwafar danƙo don ta cilla ƙwallon, sannan ta sake, ta sake, sau dubbai, ba ta tsage ba. Ka ƙara mata kauri, ta yi nauyi ta mutu. Ka rage, ta fashe. Duk kan sandar kuma kusan gram 200 ne, girmansa ba zai wuce santimita kiyubik 460 ba, don haka kowane gram sai an yi masa lissafi kamar kuɗin adashe.

Kuma ba a bar ka ka yi yadda kake so ba. Hukumomin wasan biyu, USGA ta Amurka da R&A ta Sikotilan, suna da ma'auni: a saki ɗan ƙarfe ya bugi fuskar, a auna tsawon lokacin da ya manne da ita. Iyakar 239 ce cikin miliyan na daƙiƙa, da rangwamen 18, wato 257. Ka wuce haka, sandarka haramtacciya ce a gasa. Tsakiyar fuska kowane kamfani ya riga ya kai bango. Abin da ake kokawa a kai yanzu shi ne gefe-gefe su ma su yi tsalle kusan kamar tsakiya, kuma a sato gram biyar ko goma daga fuskar a kai su ƙasa da baya, inda za su hana sandar murɗewa idan mutum ya kuskure tsakiya. Callaway a 2019 sai da suka sa babbar kwamfuta ta gwada zane 15,000 kafin su tsayar da fuska guda. TaylorMade a 2022 suka ce ma sun gaji da titaniyom, suka fito da fuska mai falle 60 na kabon. Kamfanoni masu biliyoyi ke nan suke fama da matsalar da yaronmu ya ɗauko shi kaɗai da kwamfutar aro. Mu kuwa muka yi masa shewa.

Ƙarfe yake koya, jama'a.

Samfurin robar nan da ya zaga hannu-hannu, wasu na juya shi suna murmushi, na riƙe shi na ɗaga shi saitin fitila. Bayan fuskar kamar saƙar zuma yake, amma ramukan ba girmansu ɗaya ba: a tsakiya sun matse, sandunan sun yi kauri, suna zuwa gefe suna buɗewa suna sirancewa. Ba maƙerin da zai ƙera wannan da guduma, ba mai zubi da zai zuba shi, injin sassaƙa ma ba shi da ƙofar shiga ciki. Hanya ɗaya ce, a gina shi daga ƙasa. Firintar ƙarfe tana shimfiɗa garin titaniyom, shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, hasken leza ya bi zanen ya narkar da inda ake so kaɗai a zafin da ya haura digiri 1,600, a sake shimfiɗa wani garin a sake narkarwa, ɗaruruwa ko dubban shimfiɗa, duk a cikin akwati cike da agon, saboda dai dalilin da ya ɓata mini waldata. Inda nauyi zai sauka a sa ƙarfe, inda ba zai sauka ba a bar iska.

Kuma don kar ku ce ina zuzuta shi, abin ba a gama warware shi ba. Ƙarfen da aka buga yakan fito da 'yan ƙananan kumfa a ciki waɗanda ido ba ya gani, kuma daga irin wannan kumfar tsaga take farawa idan ana ta dukan wuri ɗaya. Yana kuma fitowa a ɗaure, don wani wuri ya huce kafin wani. Sai an gasa shi ya saki jiki, sau da yawa a sa shi a tukunyar matsi mai zafin kusan digiri 900 da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau dubu, don kumfar ta rufe. Shi ya sa har yanzu yawancin fuskokin direba daga fallen titaniyom ake yin su, bugun ya fi shiga ƙananan sanduna. Kamfanin Cobra sun fara da sandar tura ƙwallo rami a 2020 tare da HP masu yin firinta, a 2024 suka fito da saitin sanduna bugaggu masu saƙa a ciki, saiti 500 kacal, kowane kusan dala 3,000. A shekarar dai ɗan wasa Bryson DeChambeau ya ci gasar US Open a Pinehurst da sandunan da wani ƙaramin kamfani, Avoda, ya buga masa. Yaron nan ya san duk wannan. Da na tare shi a waje bayan taro, idonsa ya kaɗa, na tambaye shi maganar kumfar don in gwada shi. Ya ce, "Yaya, ai shi ya sa nake son uku. Ɗaya zan yanka in duba cikinsa, ɗaya in yi ta duka har ya fashe in ƙirga, ɗaya in ajiye." Wallahi jikina ya yi sanyi. Wanda ke neman kuɗi don ya fasa abin da ya yi da gangan, ya san me yake yi.

Na san abin da za ku ce, na ji shi tun a bakin ƙofa. Golf wasan masu kuɗi ne. To sai me? Babbar rigar da Alhaji ya sa talaka ne ke sayenta? Amma mai ɗinkin talaka ne, kuma da ita yake ciyar da gidansa. Tun yaushe muka fara ƙyamar sayar wa mai kuɗi kaya? Daga filin golf na Ikoyi zuwa na Ikeja zuwa na Lakowe, duk sandar da ke cikin jakar kowane oga daga waje ta zo, da dala.

Ba wuta. Eh, ba wuta, kuma in aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu aikin kwana guda ya tashi a banza. Injin kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin zauren nan gaba ɗaya. Wa ya ce ku saya masa inji? Zane ake turawa ta intanet, masu injin su buga su aiko a ɗan kwali. Ilimin yana cikin zanen, zanen kuma a ɗakin haya a Agege aka yi shi, da janareton maƙwabci.

Wai ya je ya yi abin da zai amfani al'umma. Wannan ita ta fi ƙona mini rai, don da murya mai taushi ake faɗinta kamar nasiha. Garin da yake son a buga masa da shi, mai kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom, shi ne dai wanda ake yin ƙarfen ƙugu da na baya da shi a sa wa mutum a jiki. Saƙar zumar nan ita ake bugawa a jikin ƙoƙon ƙugu don ƙashi ya tsiro ya shiga ramukan ya kama. Ku je asibitin ƙashi na Igbobi ko na Dala ku ga 'yan uwanmu da babur ya karya, sannan ku dawo ku gaya mini wanda ya iya lissafin yadda siririn titaniyom zai ɗauki duka sau dubbai bai amfani al'umma ba. Kamfanin GE da irin wannan bugun ya mai da bakin feshin mai na injin jirgi, mai sassa kusan 20, ya zama guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Duk darasi ɗaya ne. Sandar golf allo ce kawai, kuma allo mai arha, don in ta fashe ba wanda ya mutu. Kuna so ya fara koyo a ƙugun mahaifiyar wani?

Ƙarfe yake koya. Fartanyar ma da kuke kira, in bakinta zai daɗe bai dakushe ba kuma ba ta karya kafaɗar manomi ba, irin wannan kan ne zai gyara ta.

Abin da ya fi ba ni tausayi, mu ne fa mutanen ƙarfe a garin nan. Ku leƙa kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin, ku ga su waye ke tura kura cike da ƙarfe tun asuba. Mu ke tsinto shi, mu ke auna shi, mu ke loda shi, a kai wa wasu su narkar su sayar mana. Rana ɗaya ɗanmu ya ce yana so ya hau can saman, inda ake yanke wa ƙarfe hukuncin siffar da zai ɗauka, sai muka ja masa ƙafar wando. A taron nan an tara kuɗin kujeru da lemo da na mai ɗaukar bidiyo, bidiyon da aka yi masa dariya da shi.

Alhaji ubana ne, ina girmama shi, gobe ma in na gan shi zan durƙusa in gaishe shi. Amma ranka ya daɗe, wannan karon ba ka kyauta ba. Ni na sa nawa, kuɗin aikin ƙofa biyu ne, ba yawa. Wanda zai sa nasa ya san shagona.

Tunda ma maganar shago ta zo: wanda ya ari ma'aunina na baniya tun kafin azumi, wai zai auna bakin fayif ya dawo da shi yanzu-yanzu, na gan ka a taron, layi na uku, kana cikin masu dariya. Na Japan ne, ba irin na bakin titi ba, kuma akwai harafin sunana a bayansa da na karce da ƙusa. Ka aiko yaro da shi kafin Juma'a, ina so in auna kaurin samfurin nan da kaina.