Rage ƙiba da wahalar kayan sawa

Ni dai abun nan ya ishe ni wallahi. Wata 5 kenan ina fama da rage ƙiba, alhamdulillahi jiki yana sauka, amma ba wanda ya gaya min kayan sawa ne za su zame min ciwon kai. Wandon da na saya watan jiya yanzu zamewa yake in ina tafiya, bel ɗina kuwa sau uku ina ƙara masa huji.

Kuma ba ka san inda jikin zai tsaya ba, in ka sayi mai tsada bayan sati shida ya yi maka yawa kuɗinka sun tafi a banza, in ka sayi mai araha wanki biyu ya koɗe ɗinkin ya fara warwarewa. Ga sayis ɗin ma ba tsari, L ɗin wannan kamfani shi ne XL ɗin wancan. Jikin kuma ba tare yake sauka ba, ƙugu ya ragu cinya tana nan daram, to wane wando ne zai zauna maka?

Tela zai iya rage ƙugu, amma in kafaɗar riga ce ta yi yawa sai an kwance ta gaba ɗaya, kuɗin aikin ya kusa kai na sabuwa. Gwanjo kam akwai sauƙi, sai dai ka yi ta tono kafin ka samu daidai kai.

Abun da ya fi ƙona min rai masu cewa ka bari sai ka gama ramewa tukuna ka saya. Haba jama'a, kafin nan me zan sa in tafi wurin aiki?