Bature Ba Ya "Shan" Magani

Ɗalibai da yawa suna zaton in sun haddace ƙamus, Turanci ya zauna. Ina! Kowace kalma tana da abokan tafiyarta, ba da kowa take jerawa ba.

Dubi "sha" kawai. Mu muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, har wahala ma shanta muke yi. Bature kuwa "drink" sai abu mai ruwa-ruwa. Ƙwayar magani "take" ake ce mata, taba kuma "smoke". Shi ya sa malami ke zabga jan biro a kan "I drank Panadol".

"Yi" ma biyu ta rabu a wurinsu: kuskure "make a mistake", aikin gida kuwa "do homework".