Wa ke riƙe da jaririn idan uwa ta fita nema?

Jiya wajen ƙarfe tara na safe na ga wata yarinya a bakin layinmu, ba ta wuce shekara goma ba. Goye take da jariri, zanin goyon ya zamo har ƙugu, hannunta ɗaya kuma riƙe da wani ɗan yaye yana ta tirjiya. Na ce, "'Yan mata, ina mamanku?" Ta ce, "Anti ta tafi aiki." Anti fa. Daga ƙauye dillaliya ta kawo ta raino, sa'o'inta kuwa a lokacin suna aji.

Da an ta da zancen gidan raino sai wani ya yi wuf ya ce ba al'adarmu ba ce, ai muna da dangi. Da can kam muna da su. Mace ta je wankan gida, ta yi arba'in ta dawo, ga kaka a tsakar gida, ga facaloli, ga ƙannen miji, yaro na yawo hannu-hannu har a yaye shi. Yanzu ciki da falo ne na haya a Rijiyar Zaki ko Rigasa, kaka tana can Gaya ko Malumfashi. Wadda ke kusa ma tana bakin kaskon ƙosai, tana neman na cefane.

A dokar ƙwadago ta Najeriya hutun haihuwa mako 12 ne, shida kafin a haihu, shida bayan haihuwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. Jihar Kaduna ta mai da nata wata shida a 2019, kuma ta kyauta. A asibiti ana ta jaddada wa uwa nono zalla har wata shida. Dokar ƙwadagon ta ma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana ta ba da nono. To, jaririn yana ina da za ta shayar da shi? Yana gida, tsakaninsu mota biyu da cunkoso. Mai tuyar awara da mai tsintar zoɓo a Dawanau kuwa ba su ma san wani abu wai shi hutun haihuwa ba.

Gidajen raino na kuɗi akwai su, amma na masu hali ne. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, malamar makarantar kuɗi da yawa ko shi ba ta gani. Dole ta nemi 'yar raino. Ni ban ga laifin uwar ba, amma a faɗi gaskiya, karatun 'yar wani aka sayar aka biya wannan rainon.

Masu cewa ta zauna a gida mana, ku ne dai ranar da maiɗakinku ke naƙuda kuke cewa lallai sai mace ce za ta duba ta. Ungozomar nan da ke kwana a asibiti ita ma tana da na goye.

Abin da nake gani ba sai an jira Abuja ba. Yawancin Islamiyyun unguwa sai da yamma ake shiga, da safe azuzuwan a kulle suke. A buɗe ɗaya, a shimfiɗa tabarmi da katifu, a tanadi ruwa mai tsafta. A ɗauki dattijan mata da waɗanda mazansu suka rasu, waɗanda unguwa ta san halinsu, a riƙa biyansu duk wata daga ɗan abin da iyaye za su bayar da gudummawar masu hannu da shuni. Kada a jibga wa mace ɗaya jarirai goma a ce an yi abin kirki. Mai unguwa da kwamitin masallaci su sa ido, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta riƙa leƙowa tana duba katin rigakafi.

Ni dai ranar Juma'a zan kai wa liman maganar. Wanda unguwarsu ta taɓa gwada irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda suka yi da kuɗin masu rainon.