Kafin ka zuba kuɗinka, asarar nawa za ka iya ɗauka?

Assalamu alaikum ƴan'uwana matasan Damagaram, na Birni da na Zango, na Sabon Gari da Garin Malam, da ku da kuke karatu a jami'ar André Salifou.

Hirar da ta cika fadojinmu a ƴan shekarun nan ita ce ta zuba jari. Ana dafa shayi ana miƙa wa juna waya: ga wane ya sa jika hamsin ta zama tamanin, ga wane ya shiga kirifto, wato kuɗin intanet, ya sayi sabon babur. Ni ba na ƙin wannan hira. Saurayin da yake tunanin yadda ɗan abin hannunsa zai haihu ya fi wanda yake jiran a ba shi. Abin da yake damuna shi ne kowa riba yake lissafawa. Da wuya ka ji wanda ya ce: to in kuɗin nan ya tafi, ko rabinsa ya tafi, yaya zan yi, yaya kuma waɗanda suke ci daga hannuna za su yi?

A ɗauki samari biyu, kowanne da jika ɗari uku. Na farko yana da albashi, yana zaune gidan mahaifinsa, bai yi aure ba, kuɗin kuma tarin shekara biyu ne da ba shi da wata buƙata da shi yanzu. Na biyu ɗan kabu-kabu ne mai mata da yara biyu, yana biyan haya, kuma babur ɗin da yake nema da shi ya sayar ya samu kuɗin. Suka sa a abu ɗaya, abin ya karye. Na farko zai yi sati yana ɓacin rai, ƙarshen wata albashi ya shigo. Na biyu kuwa washegari ba shi da kuɗin cefane, ba shi da abin hawa da zai fita nema, mai gida yana sallama a ƙofa, kuma in yaro ya kwana da zazzaɓi takardar magani za ta zauna cikin aljihu. Asarar a takarda ɗaya ce, amma a cikin gida sam ba ɗaya ba ce. Kuma sau da yawa na biyun ne ya fi ƙarfin hali a fada, shi ne mai cewa "wanda bai yi kasada ba ba ya arziki". Ƙarfin hali daban, ƙarfin aljihu daban. Kayan raƙumi ba a ɗora wa jaki don kawai jakin ya ce zai iya.

Saboda haka kafin ka duba ribar da aka yi maka alkawari, duba kuɗin kansa. Na wane ne? In na adashen mahaifiyarka ne da ta ba ka ajiya, ko na marayu, ko jarin uban gidanka na shago, ko bashi ka ciyo, to ba ka da ikon yin kasada da shi ko da ribar a bayyane take, domin amana ce. Sannan yaushe za ka buƙace shi? Kuɗin da za a biya sadaki da shi bayan wata uku, ko kuɗin makarantar ƙannenka na watan Oktoba, ba a kai shi inda farashi yake hawa yana sauka. Ko da abin na halal ne kuma na gaskiya, ranar da buƙata ta taso dole ka sayar a yadda kasuwa ta kama, kasuwa kuwa ba ruwanta da ranar ɗaurin aurenka. Wanda zai iya barin kuɗinsa shekara biyar yana iya jiran farashi ya farfaɗo. Kai mai wata uku ba ka da wannan damar.

Akwai kuma ta zuciya, wadda mutum ba ya saninta sai an taɓa shi. Wani zai rantse maka zai jure, amma ranar da ya buɗe waya ya ga jika ɗarinsa ta koma saba'in, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa duba waya a tsakiyar dare, ya yi wa matarsa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙarshe ya sayar da asara don hankalinsa ya kwanta. Wannan ba abin kunya ba ne, Allah bai yi mu iri ɗaya ba. Amma in ka san haka kake, nemi abin da hankalinka zai ɗauka, ko da ribarsa kaɗan ce.

Kada wani ya ɗauka a waya kaɗai hatsari yake. Mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin cewa kasuwar gaske ma tana kayar da mutum, domin cinikinmu da yawa da Kano yake. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakiyar 2023 ɗin nan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da take wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ajiye jarinsa cikin naira, ko yake bin bashi a Kano da naira, yana zaune a shagonsa dukiyarsa ta zube. Iyayenmu ma sun ga irin wannan a watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Ko turkar rago, da muke gani kamar ba ta da hatsari, duba ta da kyau: ka saye shi, ka yi wata huɗu kana sayen dusa da harawa, kana fatan kada ciwo ya kama shi, sannan farashin ranar sayarwa ba a hannunka yake ba. A watan Mayun 2025, gab da Layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Mai sayen ragon Layya ya ji daɗi, wanda ya turke don dillalan ƙetare kuwa lissafinsa ya canza. Ba cewa nake kada a yi kiwo ko a ajiye wake da kaka ba. A yi, sana'ar iyaye da kakanni ce. Amma dattawan kasuwar Dole ba sa tara komai nasu wuri ɗaya. Za ka tarar da ɗan hatsi a sito, ƴan awaki a ƙauye, fili a bayan gari, da ɗan kuɗi a hannu na ko-ta-kwana. Ba a makaranta suka koyi wannan ba.

Kirifto kuwa hawansa da saukarsa sun fi na duk abin da na ambata. Bitcoin, wanda shi ne babbansu, ya kai kusan dala 69,000 a watan Nuwambar 2021, bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 17,000. Daga baya ya sake tashi, gaskiya ne, amma sai wanda ya iya jira ne ya ga tashin. Wanda ya shiga da kuɗin haya tuni ya fita da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sa.

Sai kuma abin da ba jari ba ne ko kaɗan, damfara ce da aka sa wa riga. MMM ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun jama'a a Najeriya a watan Disambar 2016. CBEX ta zo da nata salon, ta rushe a watan Afrilun 2025. Sunan ne yake canzawa, aikin ɗaya ne: kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wa wanda ya shigo jiya, shi ya sa kullum ake matsa maka ka kawo mutum. Ɗauki alƙalami ka yi lissafin da kanka. Jika ɗari, in tana ƙaruwa da kashi 30 kowane wata ana mayar da ribar ciki, cikin shekara ɗaya za ta wuce miliyan 2 da jika 300. Wace sana'a ce a duniya take ninka kuɗi sau 23 a shekara? Wanda yake da irinta me zai kawo shi wajenka neman jika ashirin? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma hoton kuɗin da abokinka ya ciro ba hujja ba ce, domin na farko-farko ana biyansu da gangan, su ne tallar.

A nan ne shawara take da amfani, kuma a nan ne muka fi sakaci. Muna ɓoye wa na gaba da mu abin da za mu yi don kada su hana mu, sai abin ya lalace mu je da hawaye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. To ba kowa ne zai iya riƙe wannan amana ba. Wanda zai samu kamasho in ka ce "na shiga" dillali ne, ko da ajinku ɗaya tun firamare. Nemi wanda ya san harkar, kuma shigarka da rashin shigarka duk ɗaya ne a aljihunsa. In hatsi ne, je ka zauna da wanda ya yi shekara ashirin yana saye da kaka yana sayarwa da bazara, ka tambaye shi shekarar da ya faɗi da abin da ya kayar da shi. In hannun jari ne na kamfanoni, yankinmu yana da kasuwarsa, BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, kuma ba a saye a cikinta sai ta hannun kamfanonin dillanci masu lasisi da ake kira SGI, ƙarƙashin kulawar AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido kan kasuwar. Bankuna kuma suna ƙarƙashin BCEAO, babban bankin yankinmu. Duk wanda ya ce zai juya maka kuɗi, tambaye shi takardar izininsa da inda ofishinsa yake, sannan ka bincika da kanka. Lasisi ba ya hana asara, amma yana nufin akwai wanda za a kama in an ci amana.

Mai ba da shawara na ƙwarai za ka gane shi da tambayoyinsa. Kafin ya ce maka sayi kaza, zai tambaye ka nawa kake samu, mutum nawa kake ciyarwa, ko ana binka bashi, ko kana da abin da za ka taɓa in rashin lafiya ta zo. Wani lokaci amsarsa ita ce: "Kai yanzu ba lokacin zuba jarinka ba ne, fara biyan bashinka, ka tara abin da zai riƙe gidanka ƴan watanni." Maganar ba ta da daɗin ji, amma wanda ya faɗa maka ita ya fi ƙaunarka da wanda ya turo maka lambar shiga.

Ka kuma je wajen malami, don kada a je neman riba a faɗa cikin haram. A fiƙihun Malikiyya da muke bi akwai babin ƙiradi: kai ka kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yarda, rabi ko sulusi. In an yi asara ba tare da sakacin mai juyawa ba, a kan mai kuɗi take, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Ba ya halatta a sharɗanta masa lamunin uwar kuɗi, ko a yanke cewa kowane wata zai ba ka jika kaza ko an ci ko ba a ci ba. Ka ga ke nan tun a shari'a wanda yake son riba sai ya yarda da yiwuwar asara. In za ka ba wani jari, ko ɗan ɗakinku ne, ku rubuta, ku sa shaidu biyu, ku faɗi kason kowa da ranar lissafi. Zumunci da yawa a garin nan ya lalace a kan "ai na yarda da shi".

Kai kuma ɗan'uwana da ka riga ka sa kuɗinka a wurare irin su MMM da CBEX, yanzu an ce sai ka ƙara wani abu kafin a buɗe maka asusunka, don Allah kada ka ƙara ko dala. Kada ka ci bashi don ka cike ramin, kada kuma ka jawo ƙaninka ko abokinka don ka fanshe naka a kansa, hakkinsa zai hau wuyanka. Adana saƙonnin da aka turo maka da shaidar kuɗin da ka tura, ka kai ƙara wajen hukuma, ka kuma samu babba ɗaya a gidanku da ka yarda da shi ka faɗa masa gaskiyar adadin da ya tafi, tun kafin masu bin ka bashi su riga ka zuwa wajensa.