Gadar Jebba na nan tsaye, hanyar zuwa gare ta ce aka bari ta lalace

Abin takaici ne, kuma abin kunya, a ce direban da ya ɗauko albasa daga Aliero ko shanu daga Illela ba zai iya gaya wa mai kaya ranar da zai tsallake Kogin Kwara ba, alhali kuwa gadar da zai bi tana nan a Jebba, ba ta je ko'ina ba. Zai baro Kontagora da fatan kwana a Ilori, sai ya tarar da jerin tireloli da tankokin mai sun toshe hanya tun kafin Mokwa, wata ta kafe a rami, wata ta kife da lodinta, babu mai janyewa, babu kuma mai zuwa ya ba da bayani. A nan za a yini, a nan za a kwana, tumatir yana ruɓewa a cikin kwanduna, dabbobi suna galabaita da ƙishirwa har a kai ga sa musu wuƙa a bakin titi domin kada su mutu mushe. Haka ake fama shekara da shekaru, kuma mu da abincinmu da kasuwancinmu suka rataya a kan wannan hanya mun gaji da haƙurin da ake ta ba mu.

Wanda bai san tarihin wurin ba zai ɗauka Jebba wani ɗan gari ne kawai da matafiya ke tsayawa su sayi kifi su wuce. Garin yana bakin kogi ne, ɓangaren kudu a Jihar Kwara, ɓangaren arewa a Jihar Neja, ga kuma tsibiri a tsakiyar ruwa wanda ya raba kogin gida biyu. A kusa da nan ne jirgin ruwan Dayspring, wanda ya ɗauko Baturen nan mai binciken kogin, Baikie, da malamin mishan Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse ya tarwatse a 1857. Da Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa a 1900, a Jebba Lugard ya fara ajiye hedikwatarsa, kafin ya ƙaura zuwa Zungeru a 1902. Wannan tsibiri shi ne ya ja hankalin masu shimfiɗa layin dogo, domin ya fi sauƙi a tsallake rassa biyu na ruwa da a tsallake kogin a inda ya buɗe gaba ɗaya.

Layin dogo daga Legas ya iso Jebba a 1909, na Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, sannan aka haɗa su biyun a Minna a 1912. Amma kogin ya ci gaba da raba tafiyar, sai dai a ɗora taragu a kan jirgin fito a haye da su, aikin da yake cin lokaci kuma yake ƙara wuya idan ruwa ya cika ko ya janye. A daidai wannan lokaci ne cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano fiye da yadda Turawan kansu suka zata, buhuna suka taru a tasha suna jiran jirgi, ga fatu da ƙiraga, ga auduga, ga kuma kuzar da ake haƙowa a Jos. Jinkirin fito ya zama asara a gare su, saboda haka ko yaƙin duniya na farko bai sa sun ajiye aikin ba, har aka buɗe gadar a 1916. Kusan shekara 50 aka yi babu wata gada a kan Kogin Kwara a duk faɗin Najeriya sai ita, domin ta Onitsha sai a 1965 aka gama ta.

Kada wani ya ɗauka yabon mulkin mallaka nake yi. Ba don ƙaunarmu suka gina gadar ba, sun gina ta ne domin su kwashi arzikin ƙasa zuwa bakin teku, kuma da gumin talakawan da aka ɗibo aikin tilas aka shimfiɗa dogon Arewa. Sai dai a nan ne abin yake ƙona mini rai. Baƙon da ya zo cin riba ya fahimci cewa wannan mashiga ita ce maƙogwaron ƙasar, ya zuba ƙarfe da siminti yadda za su daɗe, ya ajiye ma'aikata masu bin layi suna duba kowane kwalbati. Mu kuma da muka karɓi ƙasar tun 1960, muke da ita, 'ya'yanmu za su gaje ta, mun kasa kula da 'yan ƙananan gadojin da ke kaiwa ga babbar.

A watan Yunin 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, hanya ta yanke ɗungurungum. Farfesa Yemi Osinbajo, wanda yake riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa a lokacin, ya je wurin da kansa, aka yi alkawura, aka karkatar da manyan motoci zuwa wasu hanyoyin da ba a gina su don ɗaukar irin wannan nauyi ba, su ma suka farfashe. Mai hankali zai zaci wannan ya isa darasi, a bi hanyar kaf a duba kowace gada da kowace magudanar ruwa. Shekara takwas bayan haka, a ƙarshen watan Mayun 2025, ambaliya ta afka wa Mokwa da asuba, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta hallaka mutane fiye da 150, wasu da dama ba a ga ko gawarsu ba. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwan ya tafi da gada, hanyar ta sake yankewa, kuma saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, lokacin da motocin raguna da kayan miya suke tururuwa zuwa Kudu. Ruwan sama daga Allah yake, babu mai jayayya da wannan. Amma toshewar magudana, da ƙanƙantar kwalbati, da barin gada ta tsatstsage shekaru ba a taɓa ta ba, waɗannan aikin mutane ne masu suna da ofis da albashi, kuma bai halatta a laɓe a bayan ƙaddara domin a kare su ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mutuwar jirgin ƙasan da aka gina gadar dominsa. An gyara tsohon layin, jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya dawo aiki a ƙarshen 2012, mutane suka yi murna, amma ba a riƙe abin da muhimmanci ba, yau babu ɗan kasuwar da zai dogara da shi ya yi alkawarin kai kaya. Saboda haka siminti da man fetur da taki da hatsi, kayan da tarago ya kamata ya ɗauka, duk sun koma kan kwalta. Ana yi wa tirela lodi fiye da ƙima, babu ma'aunin nauyi mai aiki da zai tsayar da ita, shingayen da ke kan hanya kuwa kowa ya san abin da ake karɓa a wurinsu. Wace kwalta ce za ta jure wannan, wace ƙaramar gada ce ba za ta durƙushe ba?

Mutanen yankin su ne suka fi kowa shan wuya, kuma su ne aka fi mantawa da su. A gefensu aka gina madatsar ruwan Jebba a tsakiyar shekarun 1980, wadda take ba ƙasa wutar lantarki, ga ta Kainji a sama da su tun 1968, amma idan aka saki ruwa gonakinsu na shinkafa ne suke nutsewa. Masana'antar takarda ta Jebba da ta sukari ta Bacita, waɗanda suka taɓa ciyar da dubban iyalai, sun daɗe da rasa ƙarfinsu na da. Daga Jebba har zuwa gadar Murtala da ke kusa da Lokoja babu wata gada da mota za ta haye kogin a kanta, don haka mai zuwa kasuwa ko biki ko asibiti a ƙetare sai ya shiga kwalekwalen katako da aka cika maƙil, sau da yawa da dare, babu rigar kariya. A watan Yunin 2023 mutane fiye da 100, akasarinsu masu dawowa daga ɗaurin aure, suka nutse a yankin Patigi. A watan Oktoban 2024 wani jirgin ya kife da masu zuwa Mauludi a kusa da Gbajibo. Kowane karo sai a aiko da saƙon ta'aziyya, a kafa kwamiti, a raba buhunan shinkafa a gaban kyamara, shi ke nan sai wani ya sake faruwa.

An kashe kuɗi masu yawa an gina gada ta biyu a Onitsha, an buɗe ta a 2023, kuma babu wanda yake baƙin ciki da ita, domin mutanen can ma sun daɗe suna jira. Abin da ta nuna shi ne idan gwamnati ta sa kanta aiki tana iyawa. To ina sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Neja da Kwara da Kebbi da Sakkwato da Kano, waɗanda jama'arsu suke asarar dukiya da rayuka a wannan hanya? Ina gwamnonin da suke taruwa suna maganar bunƙasa noma, alhali abin da aka noma yana ruɓewa kafin ya kai kasuwar Mile 12 ta Legas? Muna so a bayyana wa jama'a sunan duk ɗan kwangilar da aka ba aiki tsakanin Jebba da Mokwa da Tegina, da nawa aka biya shi, da ranar da ya yi alkawarin gamawa. Muna so injiniyoyi su bi gadojin ɗaya bayan ɗaya tun da rani, a yashe magudanu, a faɗaɗa kwalbatocin da suka yi wa ruwa kaɗan, a kuma ajiye motar janwe a Mokwa da Jebba wadda za ta ɗauke duk motar da ta toshe hanya a ranar da ta toshe ta.