An sauya min madubi, an bar ni da hoton ƙarya

Wata guda ke nan ina safa da marwa tsakanin gidana da wani gareji a Kano a kan aikin da bai kamata ya wuce yini ɗaya ba. Motata tana da kyamarori huɗu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, biyu a ƙarƙashin madubin gefe, kuma kwamfutar motar ce take ɗinke hotunansu su zama guda a allo, tamkar mutum yana leƙen motar daga sama. Tun 2007 kamfanin Nissan ya fara sa irin wannan tsari a motocinsa, saboda haka babu mai gyaran da zai ce min sabon abu ne.

Mai adaidaita sahu ne ya fasa min madubin dama. Bakaniken ya samo wani, ya ɗaura, ya ga hoto ya fito, ya karɓi kuɗinsa. Da na isa gida sai na ga bakin kwatar ƙofarmu, wanda yake miƙe sambal, ya karye biyu a allon daidai inda hoton dama ya haɗu da na gaba. Na ajiye bokiti a wannan kusurwa don gwaji, sai rabinsa ya ɓace. Bayan kwana biyu tayar gaba ta zurma cikin kwata alhali allon yana nuna min akwai sauran tazara.

Abin da ya ƙi shiga kunnen bakaniken nan shi ne, fitowar hoto daban, daidaitonsa daban. Gilashin waɗannan kyamarori yana lanƙwasa duk abin da ya gani, kuma kwamfuta ba za ta iya miƙar da shi ba sai ta san ainihin inda kowace kyamara take da inda ta fuskanta. Kyamarar da take mita ɗaya daga ƙasa, idan ta karkata da digiri ɗaya kacal, abin da yake mita uku daga gare ta zai goce da kusan santimita 18, wato kusan faɗin taya guda. Shi ya sa bayan an taɓa madubi ko bamba ake ajiye mota a shimfiɗaɗɗen daɓe, a daidaita iskar tayoyi, a fitar da kaya, a shimfiɗa tabarmi masu zanen baƙi da fari a tazarar da aka auna, sannan a jona na'urar bincike ta sake saita kyamarorin.

Da na yi masa wannan bayani, sai ya ce, “Alhaji, ai kyamara tana kawo hoto, me kuma ya rage?” Daga nan ya tura ni wurin masu saitin tayoyi, na biya kuɗi a banza. Da na dawo a fusace, ya murɗa madubin da hannu, ya cusa guntun kwali a bayan kusa, a kan ƙasar gareji mai gangare da ko ƙwallo ba za ta tsaya a kanta ba. Ban zarge shi da rashin kayan aiki ba, domin suna da tsada. Laifinsa shi ne karɓar aikin da ya san ba zai iya kammalawa ba, da kuma yin shiru.

A layinmu yara ƙanana suna wasa a gindin motoci kullum da yamma, kuma kusurwar da bokitin nan ya ɓace ita ce wadda nake juyawa ta cikinta idan zan shiga gida. Yanzu sai na sauko da ƙafata na duba kafin na motsa, allon kuwa na rufe shi da hankici.