Su wa ke ƙirga waɗanda suke mutuwa a ƙarƙashin fiffiken jirgi?

Duk sanda na samu kujerar taga a jirgi, kafin a tashi idona na kan mutanen nan na ƙasa masu riga mai ƙyalli. Ɗaya ya durƙusa yana sa waigi a taya, ɗaya na jan kekunan kaya, wani kuma ya shige rumbun kayan jirgin inda ko miƙewa ba a iya yi, a kan gwiwa yake jera akwatunanmu ɗaya bayan ɗaya. Mu ana ce mana mu ɗaura bel, su kuwa tsakaninsu da injin da zai iya haɗiye mutum 'yan taku ne kawai. Kullum sai kaji ana cewa babu sufuri mai aminci kamar jirgin sama, eh haka ne, amma fa fasinja ake lissafawa.

Ranar 31 ga Disamba 2022 a filin jirgin Montgomery da ke jihar Alabama a Amurka, injin wani jirgi ƙirar Embraer 175 ya zuƙe wata ma'aikaciya, uwar yara uku. Ƙaramin injin baya da ke ba jirgi wuta idan ya tsaya ya lalace, shi yasa matuƙan suka bar inji a kunne har a jona musu wutar ƙasa. An gargaɗi ma'aikatan kafin jirgin ya iso cewa kar wanda ya matso, jar fitilar nan mai walƙiya ma tana kunne. Nasan nan ne wasu za su ce ai sakacinta ne, Allah ya jiƙan rai kawai. Toh hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta samu kamfanin da matar ke yi wa aiki da laifi, ta ci shi tarar dala 15,625. Wallahi duk sanda na tuna wannan adadin sai naji ƙirjina ya yi nauyi, yara uku sun rasa uwa, kamfani kuma ko a jikinsa.

Kuma ba ita kaɗai bace. A 2006 injin Boeing 737 ya zuƙe wani makanike a El Paso ta Amurka yana duba yoyon mai. A Disamban 2015 haka ta faru da wani ma'aikacin gyara a Mumbai ta Indiya lokacin da ake tura jirgi baya. A 2018 motoci biyu suka yi karo a cikin filin jirgin Heathrow na London, injiniya ɗaya ya rasu. A Agustan 2024 taya ta fashe a wurin gyara a Atlanta ta Amurka ta kashe mutum biyu, don tayar jirgi iskar cikinta ta ninka ta mota sau biyar zuwa shida. Wannan na ƙarshen ma a ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ya shiga lissafin hatsarin jirgi, tunda ita tana ƙirga abin da ya faru ne daga sanda aka hau da niyyar tashi zuwa sanda kowa ya sauka.

Abin da yafi ci min rai shine yadda ake saurin ɗora wa mamaci laifi. Dan Allah a duba yanayin aikin mana. Wasu kamfanoni cikin minti 25 zuwa 30 suke so a sauke kaya, a loda wasu, a zuba mai, a share jirgi a sake tashi, kunnuwanka a toshe saboda ƙara don haka ko abokin aikinka ya ƙwala maka kira ba ji za ka yi ba sai dai alamar hannu, ga aikin dare ga rana ga ruwa, ga oga na duba agogo don duk mintin da aka makara sai an rubuta daga wane sashe ne. Da yawansu kuma 'yan kwangila ne, albashi kaɗan, yau an ɗauka gobe an tafi, sabo bai gama sanin wuri ba an tura shi gindin jirgi. Mutumin da ya sa kwalin gargaɗi kusa da inji sau dubu, wata rana ƙafa za ta rigayi tunani, dole a tsara aikin da sanin haka.

Ni abin da nake so a gani, a bai wa ƙaramin lebura ikon cewa a tsaya ba tare da tsoron kora ba, kuma idan ya kusa yin kuskure ya iya kai rahoto ba a hukunta shi ba, kamar yadda aka daɗe ana yi wa matuƙa.

Mu ma fasinja da namu. Kwanaki aka riƙe mu cikin jirgi don ana tsawa, aka janye ma'aikatan ƙasa, wanda ke kusa da ni sai tsaki yake yana cewa ɗan ruwan nan ne zai hana su aiki. Na nuna masa taga, fili fetal, babu abin da ya fi jelar jirginmu tsawo a wurin, nace masa malam, kai za ka fita ka riƙe wayar da ke jone da jirgin nan yanzu?